Ɓeran Amurka a Bangon Yerwa

Duk wanda ya ratsa birnin Maiduguri daga Bulumkutu zuwa Gwange, ko ya bi hanyar Baga da hantsi, in dai yana ɗaga kai ya dubi bango, zai lura da wasu baƙi da suka tare a garin nan ba tare da sun yi wa mai unguwa sallama ba. A katangar makarantar rainon yara ga wani ɓera mai faffaɗan kunnuwa, sanye da jan gajeren wando, yana nuna wa yara haruffa. A bayan Keke Napep ga wani muzuru ya zare ido yana bin ɗan ɓeran da har yau bai cinye ba. Haka abin yake a akwatin mai askirim da jakar 'yan makaranta da allon wasu shaguna. Yaranmu sun san su da sunayensu: Mickey Mouse ne, da Tom da Jerry. An haifi na farkon a Amurka a 1928, sauran biyun kuwa a 1940, wato dukkansu sun girmi Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975.

Tambayar da muke son mu tattauna a wannan maƙala ita ce: shin mai fentin da ya zana ɓeran nan a katanga fasaha ya yi, ko kuwa kwaikwayo ne kawai irin na aku? Akwai kuma wata tambayar da ta fi wannan nauyi, domin mu ta shafa kai tsaye. Rainin da mu mutanen jami'a muke yi wa aikin wannan bawan Allah, hukunci ne na ilimi, ko girman kai ne ya ari rigar ilimi ya sa?

Ya kamata mu fara da fayyace kalmomi. Abin da muke nufi da katun shi ne zanen da ake wuce gona da iri wajen fitar da siffa da gangan, a kumbura kai, a zaro idanu, a zagaye komai da baƙin layi mai kauri, sannan a cike ciki da launi ɗaya ba inuwa. Wani a takarda yake tsaye, kamar zanen barkwanci na jarida, wani kuma an jera shi dubbai har ya yi motsi a talabijin. Zanen kasuwa kuwa shi ne aikin mutanen nan da ke zaune bakin titi da gwangwanayen fenti da buroshi, masu rubuta allon shago, da ƙawata jikin babbar mota, da yi wa makaranta ado. Ba a rataya aikinsu a zauren baje koli, ba a rubuta kundin digiri a kansu sai jefi-jefi, kuma yawancinsu ba sa ma sa hannu a ƙasan abin da suka zana.

Yadda waɗannan biyu suka haɗu ba abu ne mai wuyar bi ba. Bayan kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa a 1977, tashoshin gwamnati kan buɗe ne da la'asar, kuma shirin yara ke kan gaba. Waɗanda suka taso a shekarun 1980 da 1990 ba su manta da Voltron ba, ko da a tagar maƙwabta suka kalle shi. Sai kaset ɗin bidiyo ya zo, sai faifai, sai kwanon tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshin Larabawa irin su Spacetoon da MBC3, waɗanda suka sami kunnuwa a garin da Larabci ba baƙo ba ne. Yaron da ya cika bayan littafinsa na lissafi da waɗannan hotuna, shi ne ya girma ya zama almajirin mai fenti. Daga baya kuma, da gwamnatin Borno ta hana hawan babur a Maiduguri a watan Yuli na 2011, Keke Napep ta cika gari, kowace da bayanta fili kamar allo, yana jiran a rubuta masa wani abu.

Amma ba sha'awar ƙuruciya kaɗai ta sa mai fenti ya rungumi katun ba. Akwai dalili na sana'a. Masu shirya waɗannan finafinai tun farko sun ƙera 'yan wasansu ne domin hannu mai gaggawa. An gina kan Mickey da kunnuwansa da da'irori, don mazana da yawa su iya maimaita shi sau dubu ba tare da ya sauya kama ba, an kuma ba shi yatsu huɗu maimakon biyar, wanda hakan ya rage aiki. To, mutumin da aka ba shi katanga mai tsawon taku ashirin, da kuɗin gwangwani uku na fenti, da wa'adin kwana biyu kafin a koma hutu, me zai fi masa wannan? Ana hango zanen daga tsallaken titi, ƙurar hunturu ba ta ɓatar da layinsa da wuri, kuma ba wanda zai zo ya ce ba a fitar masa da hancinsa daidai ba. Ashe ke nan talaucin lokaci na ma'aikatan Holiwud ne ya gamu da talaucin kayan aiki na mai fentin Yerwa, suka fahimci juna.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata mu raunana ta don mu ji daɗin kayar da ita ba. Suna cewa ƙasar Borno ba matalauciyar ido ba ce. Ga zayyanar allon mahaddata, ga rubutun Alƙur'ani irin na Barebari wanda aka san shi har ƙetaren Sahara, ga ɗinkin hular Bama da ake shafe makonni ana yi, ga lallen amare, ga sassaƙar ƙwarya. Duk wannan gado yana nan, amma idan za a yi wa yaro ado a bangon da zai fara karatu, sai a ɗauko masa ɓeran wata nahiya. Yaron da ya buɗe ido ya ga cewa duk abin dariya da duk jarumi daga waje suke zuwa, ya koyi wani darasi da ba a rubuta a manhaja ba, wato cewa kyakkyawan abu ba a gidansu ake yin sa ba. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta da za mu komo kanta.

Sai dai idan aro ne laifin, to, masu laifi suna da yawa. Maginan Zariya na ƙarni na 20, waɗanda muke alfahari da su a darasin al'ada, sun sassaƙa keke da agogo da jirgin sama a fuskar soraye, kafaɗa da kafaɗa da dagi, kuma ba mu taɓa cewa sun ci amanar gado ba. Ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Mazana ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, da fentin Turawa da buroshin Turawa suka yi wa koyarwar Turawa tawaye. Wani abin ban sha'awa ma shi ne, aron nan ba hanya ɗaya ya bi ba. Zomon tatsuniyoyin Afirka, mai wayon da ke kayar da manyan dawa, ya ƙetara teku a bakin bayi, ya zama Br'er Rabbit a kudancin Amurka, Joel Chandler Harris ya tattara labaransa a littafi wajen 1880, kamfanin Disney kuma ya mayar da shi katun a 1946. Ƙaramin da ke wahalar da babba da dabara tsohon ɗan gidanmu ne. Yaron Hausari da ke tafa wa Jerry bai buƙaci a fassara masa komai ba, domin ya riga ya san shi a bakin kakarsa da wani suna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bari kuma mu duba yadda ƙasar da ta haifi ɓeran ta yi da masu aronsa na cikin gida. A kudancin Kalifoniya, a shekarun 1950 da 1960, akwai wasu masu ƙawata motocin tsere da rigunan samari, waɗanda matsayinsu a idon masana bai wuce na masu fentin tasharmu ba. Ɗaya daga cikinsu, Ed Roth, ya ƙirƙiro wani ƙazamin koren ɓera mai jajayen idanu da haƙora a waje, ya kira shi Rat Fink, domin ya zama kishiyar Mickey mai tsafta da murmushi. Wani mazani da ya yi aiki a shagonsa, Robert Williams, ya ɗauki kalmar da ake zaginsu da ita, Lowbrow, wato abin marasa zurfin tunani, ya sa ta a sunan littafin zanensa, sannan a 1994 ya shiga cikin waɗanda suka kafa mujallar Juxtapoz domin irin wannan aiki. Tun kafin nan, a 1961, Roy Lichtenstein ya kwafo Mickey da Donald Duck daga littafin yara ya zuba a babban ƙyalle, kuma yau zanen yana gidan adana zane na ƙasa a Washinton. A 2019 an yi gwanjon wani zanen Ba'amurken nan da ake kira KAWS a Hong Kong, wanda 'yan katun ɗin Simpsons ne ya sauya wa fuska, aka saye shi a kan kusan dala miliyan 15. A nahiyarmu ma, Chéri Samba ya fara ne da rubuta allon shaguna da zanen barkwanci a Kinshasa, ya buɗe shagonsa a 1975, kuma bayan an nuna aikinsa a wani babban baje koli a birnin Faris a 1989 sai duniya ta fara kiran sa gwani.

Ba muna cewa duk mai fentin Tashar Bama Chéri Samba ne da ba a gano ba. Abin da muke cewa shi ne, idan aiki iri ɗaya ya zama fasaha a Hong Kong ya kuma zama shirme a Gamboru, to, ba aikin muka auna ba, adireshin mai shi da farashinsa muka auna. Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan tarko, domin mun taɓa ganin irinsa. A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana karewa. Kowane ɓangare ya faɗi abin da ya kamata a saurara. Amma yau ga shi ana nazarin waɗannan littattafai a sassan Hausa har matakin digiri na uku. Bangayensu na farko kuwa, waɗanda aka zana da hannu, masu manyan idanu da launi mai ihu, aikin 'yan'uwan masu fentin da muke magana a kansu ne, kuma su har yanzu ba a yi musu tasu muhawarar ba.

To, in ba aro ne ma'auni ba, mene ne? A ganinmu ma'aunin shi ne ko abin da aka aro ya ratsa ta hannun mutum ya fito da tabon wannan hannun. A tsaya a dubi Mickey na bangon makarantar unguwa da kyau. Sau da yawa kunne ɗaya ya fi ɗaya, ƙafar ta yi tsawo, fuskar ta ɗauko wani abu na mutanen da mai zanen ke gani kullum, a gefensa kuma an rubuta alif da ba, ko an dasa masa bishiyar darbejiya. Lauyan kamfanin Disney zai kira wannan ɓarna, malamin zane kuma zai ba shi maki kaɗan. Mu kuwa muna ganin a daidai wannan karkacewar ne mai zanen yake. Nan ne ya yanke shawara, ko da bisa tilas, nan ne baƙon ya fara koyon zaman garin. An ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma wanda ya ciyar da ita shekara talatin yana da ta cewa a kan sunanta.

A nan ne sukar da muka ajiye ɗazu take komowa da ƙarfinta, sai dai ba kan mai buroshi ta kamata ta sauka ba. Tun daga shekarun 2000 injin buga hoto a kan leda ya shigo, ana sauko da hoto daga intanet, a buga bana ko sitika cikin sa'a guda, a farashin da mai fenti ba zai iya karawa da shi ba. Mickey na bana ba shi da aibi ko ɗaya, daidai yake da na Legas da na Dubai, kuma ba wanda ya yi tunani a kansa tsakanin kwamfuta da bango. Wannan shi ne kayan aron da ba ya rufe katara. Abin takaicin shi ne, shekarun da muka shafe muna yi wa karkataccen ɓeran dariya, mun taya injin ne korar mutumin da shi kaɗai ke da damar mayar da shi namu.

Ba za mu tsallake batun addini ba, ko da yake ba fagenmu ba ne. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan surar abu mai rai sanannu ne, kuma su ne suka sa fasahar ƙasar nan ta fi zurfi a rubutu da zayyana. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai jiki da inuwa, wadda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi a wurinsu, sun kuma yi rangwame a kan 'yar tsanar yara, bisa abin da aka ruwaito na kayan wasan Nana A'isha, har da doki mai fukafukai. Muna zaton wannan na cikin abin da ya sa uban da ba zai yarda a zana fuskar mutum a katangarsa ba yake kau da kai ga ɓera mai wando. Katun ba ya da'awar cewa ya kamanta halitta, shi da kansa yana shelar cewa wasa ne.

Akwai wani abu a cikin wannan wasa da ya fi damun mu, mu mazauna wannan gari musamman. A duniyar Tom da Jerry ciwo ba ya da gobe. Guduma ta faɗo wa Tom a ka ya baje kamar waina, nakiya ta tashi a hannunsa ya yi baƙi ƙirin, bayan daƙiƙa biyu ya karkaɗe jiki ya ci gaba da gudu. Maiduguri kuwa tun daga watan Yuli na 2009 ta san abin da fashewa ke yi wa jikin ɗan'adam, ta kuma san cewa ba a karkaɗewa a tashi. Mutum zai iya tambaya, shin ba rashin ta-ido ba ne a zana wannan wasa a bangon garin da ya binne mutane da yawa haka? Mun daɗe muna juya wannan tambaya. A 2015 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya wallafa zane-zanen yaran da rikicin ya raba da gidajensu a yankin Tafkin Cadi. Da layi mai kauri da launi ɗaya suka yi su, wato da harshen da katun ya koya wa yaran duniya, amma abin da ke ciki bindigogi ne, da gidaje suna ci da wuta, da mutane a kwance waɗanda ba za su tashi ba. Harshen da aka ƙera don dariya ya ɗauki shaidar da bakin yaro ya kasa furtawa. Wanda ya ga waɗannan takardu zai yi wuya ya sake cewa wannan salo ba ya iya ɗaukar gaskiya.

A tuna kuma cewa a 2012 an ƙona makarantun firamare da dama a cikin garin nan. A irin wannan lokaci, mai makarantar da ya kira mai fenti ya zana ɓera mai murmushi a katangar da ke fuskantar titi, sanarwa ya yi cewa a nan akwai yara, kuma gobe ma za a buɗe. Ko shi da mai fentin sun yi wannan tunani ko ba su yi ba, abin da bangon ya faɗa ke nan. Yaron da ya taso a sansanin Bakasi ko na Dalori, kafin gwamnati ta rufe su, wataƙila yana da haƙƙin ya ga wata duniya ta minti bakwai inda wanda ya faɗi yake tashi.

Saura batun Gizo. Sau da yawa akan ce, me ya hana a zana Gizo da Ƙoƙi da Kura da Dila a maimakon baƙin? Fatan alheri ne, kuma an fara irinsa. Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino daga Abuja a 2010, katun mai yara baƙaƙen fata a gidan Nijeriya, Mustapha Bulama kuma ya nuna a shafukan Daily Trust cewa babbar riga da hula suna zama daram a cikin zanen barkwanci, kamar yadda Akinola Lasekan ya yi wa 'yan mulkin mallaka a jaridar West African Pilot tun shekarun 1940. Amma a gwada ba yara goma takarda a ce su zana Jerry, za a sami Jerry ɗaya sau goma. A ce su zana Gizo, sai hannu ya tsaya. Mai ƙafa takwas ne ko mai biyu? Yana da gemu? Da wace riga ya je gidan sarki? Gizo a kunne ya rayu, cikin duhun tsakar gida, kuma kowane yaro da nasa, wanda ba wanda ya taɓa gani sai shi. Ranar da wani kamfani ya ba shi fuska ɗaya ya yi mata rajista, za mu sami abin bugawa a jakar makaranta, za mu kuma rasa sauran fuskokin duka. Saboda haka mun fi son a bar wannan aiki a hannun masu fenti da yawa, kowa ya karkata shi yadda hannunsa ya ba shi, na Gwange daban na Bulumkutu daban.

Hannun da zai yi hakan ba sabo ba ne a ƙasar nan. Lokacin da Graham Connah ya haƙa tudun Daima, can gabas wajen Ngala, a 1965 da 1966, ya tono ƙananan shanu da wasu dabbobi na yumɓu waɗanda suka haura shekara 1,000, ba su da cikakkiyar siffa, sai abin da ya isa a gane su. Irinsu yara suke murzawa har gobe a bakin Ngadda idan ruwa ya janye. Ambaliyar Alau ta ranar 10 ga Satumba, 2024, ta ci katangu masu yawa a Gwange da kewayenta, kuma duk katangar da aka sake tayarwa fara ce, tana jiran ado. Mai makaranta zai kira mai buroshi ne ko mai inji, wannan lissafin aljihunsa ne. Amma sashen da ke tura ɗalibai ƙauye su naɗo waƙar daɓe da kirarin mafarauta bai rasa kuɗin Keke Napep zuwa Kasuwar Monday ba, inda za a tambayi mai fenti sunan ubangidan da ya koya masa aiki, a ɗauki hoton allonsa, a rubuta shekarar da ya yi shi.